Waɗanda suka zauna a Latbiya, yaya ake godiya a can?

'Yar Fagge:
Assalamu alaikum 'yan uwa. In Allah ya yarda watan Satumba zan tafi Riga, babban birnin Latbiya, karatun likita. Kakata ta ce duk garin da mutum zai sauka, ya fara riƙe gaisuwarsu da godiyarsu kafin ya nemi ruwan sha. Na ga kalmar paldies a rubuce, amma ina so in ji daga bakin waɗanda suka faɗe ta ga mutane. Yaya ake furta ta, kuma a ina?

Ɗalibin Daugava:
Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya kai ki lafiya. Shekarata huɗu a nan. Abu na farko, mu Hausawa P takan zame mana F, to ki haɗe leɓɓanki sosai: pal-DIYES. Yawancin kalmomin Latbiyanci ana danna gaɓar farko ne, amma wannan tana cikin 'yan kaɗan da ake danna ta biyu.

Ni a babbar kasuwar Riga na koye ta, wadda aka gina da tsofaffin rumfunan jiragen balan-balan na Jamusawa, aka buɗe a 1930. Akwai wata tsohuwa mai sayar da baƙin burodin nan nasu, rupjmaize. Makonni ina saye a wurinta ina godiya da Turanci, ita kuma ta miƙo canji ba ta ko ɗago kai. Ranar da na ce paldies, sai ta tsaya, ta dube ni ta saman tabarau, ta maimaita kalmar a hankali don in gyara, sannan ta ce lūdzu. Wannan lūdzu ki riƙe ta da kyau, ita ce “don Allah” kuma ita ce amsar godiya. In alherin ya yi yawa ki ce liels paldies, wato godiya babba.

Maman Biyu:
'Yar uwa, ni kuskuren da na yi zan faɗa miki. Na ɗan iya Rashanci kafin mu zo, kuma a titin Riga za ki ji ana yin sa ko'ina, don kusan kashi ɗaya cikin huɗu na mutanen ƙasar 'yan asalin Rasha ne. Sai na ɗauka duka ɗaya ne. A wani kantin magani na ce wa matar spasiba, fuskarta ta canza nan take, ta ce mini paldies da ƙarfi. Abin ya dame ni har na kasa cin abinci ranar.

Maƙwabciyata ce ta zaunar da ni ta yi mini bayani. Tarayyar Sobiyet ta mamaye su a 1940, ba su sake samun kansu ba sai 1991, kuma a 1941 da 1949 an kwashi dubban mutanensu a jirgin ƙasa zuwa Saibiriya. Harshen nan shi suka riƙe har suka tsira da shi. Tun daga ranar da paldies nake farawa da kowa. Mai jin Rashanci ma ya san ta, ba zai ji haushi ba.

Malam na Tsangaya:
Akwai abin da ya sanyaya mini rai game da kalmar nan, bari in ƙara muku. Malamar da ta koya mana harshen ta rubuta a allo cewa asalinta palīdz Dievs ne, ma'ana “Allah ya taimaka”. Da tafiyar zamani kalmomin biyu suka dunƙule. Ashe abin da muke cewa ga wanda ya yi mana alheri, Allah ya saka, Allah ya taimake ka, su ma addu'a suka mayar godiya, ko da yawancinsu yau ba sa tuna hakan in suna faɗa. Kuma in abu ya zo da sauƙi za ki ji sun ce paldies Dievam, godiya ga Allah.

Ɗalibin Daugava:
Malam, haka ne. Ƙanwata, ki kuma lura da tu, wato “kai” ko “ke”, da jūs, wato “ku” ta girmamawa. Ga malami, dattijo, ko wanda ba ki sani ba, paldies jums. Ga ƙawa, paldies tev. Kamar yadda ba za ki ce wa babba “kai” ba a gida.

Baƙuwar Jurmala:
Ni abin da ya fi yi mini wuya shi ne gajartar godiyarsu. Sanyin Disamba na farko, ƙarfe huɗu na yamma duhu ya rufe, zazzaɓi ya kwantar da ni. Matar da nake haya a gidanta ta hau bene da shayin ganye da zuma da safar ulu da ta saƙa da hannunta. Da na warke na je na yi mata godiya irin tamu, na yi, na sake, washegari na koma na ƙara. Sai na ga ta takura, tana ta cewa nav par ko, wato ba komai. Na ji kamar ta ƙi karɓa ne, har na yi hawaye a ɗaki.

Wata abokiyar karatuna 'yar ƙasar ta ce in daina maimaitawa, in kai mata fure. Ta gargaɗe ni kada ya zama biyu ko huɗu, don adadi mai cika-biyu na jana'iza ne. Na sayi guda uku, na ƙwanƙwasa ƙofarta, na ce sirsnīgs paldies sau ɗaya tak, godiya daga zuci. Ta riƙe hannuna da hannayenta biyu, ta daɗe ba ta saki ba. Safar tana nan a akwatina.

'Yar Fagge:
Allah ya saka muku da alheri, duk na rubuta a littafina. Yaya na Daugava, in an miƙo mini abin da ba na ci, kamar naman alade, me zan ce kada in ɓata wa mai gida rai?

Ɗalibin Daugava:
Nē, paldies. Ki faɗa da murmushi, ki ɗauki burodi ko dankali a madadinsa. Ban taɓa ganin wanda ya matsa mini bayan haka ba.