Kiran mace Hajiya alhali ba ta je Makka ba, daidai ne?

Ɗan Ƙofar Ƙaura:
Salamu alaikum jama'a. Ina da shagon atamfa a babbar kasuwar Katsina, duk macen da ta shigo Hajiya nake ce mata ko da yarinya ce sabuwar amarya. Jiya wata dattijuwa tana taya leshi nace Hajiya ƙara wani abu mana, sai ta aje yadin ta dube ni tace "ɗan nan ban taka ƙasa mai tsarki ba tukun, kar ka ɗora mani abinda ba nawa ba." Wallahi har yanzu maganar na raina. To mi ya kamata in riƙa cewa?

Bakatsine:
Wa alaikumus salam. Tana da gaskiyarta. Asalin kalmar daga Larabci ne, wadda ta sauke farali ake nufi, kuma mutanen zamanin da ba wasa suke da ita ba don wasu a ƙasa suka tafi ta Chadi da Sudan, sai a yi shekara da shekaru kafin a dawo, wasu ma can suka zauna. Ko bayan zuwan jirgi in mace ta dawo da haƙorin Makka unguwa duk ta san an yi sabuwar Hajiya. Yanzu ko in an ga babban mayafi da mota shikenan. Ni dai in na faɗa addu'a nake nufi, da yawa ma amin suke cewa, Allah ya kira mu.

'Yar Daura:
Malam ka riƙa duba shekaru kawai. Sa'ar mahaifiyarka ka ce Inna ko Gwaggo ko Mama, ba wadda za ta ji haushi, ai ka maida ta uwa ne. Sa'arka kuma Malama ta wadatar. Baiwar Allah ma kalma ce mai kyau ga wadda baka sani ba amma a kula da murya, don in aka ja ta aka ce "ke baiwar Allah" to faɗa ne ya taso. Mu nan Daura suna na mace ba abin rabawa bane a hanya, garin da mata suka mulka har zuwa Daurama, kuma har gobe akwai sarautar Magajiya.

Abinda bana so shine Madam, ji nake kamar an nisanta ni.

Mai shayin Ƙofar Soro:
Kuma don Allah a yi hattara da Uwargida. A rediyo ana cewa uwargidan gwamna don girmamawa, amma a cikin gida matar fari ce, uwargida sarautar mata. In mutum ya shigo da mata biyu ka ce ma amarya uwargida, ka haɗa mashi rigimar da sai ya kwana yana sasantawa.

Ɗan Ƙofar Ƙaura:
Na gode ƙwarai. Dattijuwar ta ce zata dawo ranar Asabar ɗaukar sauran leshin bikin jikarta, Inna zan ce mata in kuma roƙi gafara.