An kawo mana ɗan barewa daga hanyar Tasker, yaya zan yi da shi?

Maman Nana, Garin Malam:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah wanda ya san kan dabbobin daji ya taimaka mini. Ƙanin maigidana direba ne, yana bin hanyar Gure zuwa Tasker, nan jihar Damagaram ta Nijar. Shekaranjiya ya iso mana da ɗan barewa a cikin kwali, ya ce wani yaro ne ya sayar masa a bakin hanya, wai ya tsince shi kwance a gindin ƙaya shi kaɗai, ba uwa. Ya kawo wa yara ne su yi wasa da shi. Bai kai ɗan akuya girma ba, bayansa launin rairayi, cikinsa fari fat, ga wani baƙin zane daga ido zuwa baki. Na dama masa madarar gari, ya sha kaɗan, yau kuma zawo yake yi. Da an buɗe ƙofa sai ya zabura ya daki bango. Me zan ba shi ya ci? Kuma doka ta yarda a riƙe shi a gida? Wallahi tausayinsa ya hana ni barci.

Likitan Dabbobi, Sabon Gari:

Wa alaikumus salam Hajiya. Ki tsayar da madarar garin nan yanzu, ita ce ta ɓata masa ciki. Ki nemi nonon akuya, a tafasa, ya huce ya koma ɗumi-ɗumi, ki riƙa ba shi kaɗan-kaɗan sau da yawa a yini, yana tsaye, kansa a ɗage kamar yadda zai sha a jikin uwa. Kada a kwantar da shi a ɗura masa, nonon zai bi ta huhu. Ki sa shi a ɗaki mai duhu, ki shimfiɗa rairayi, ki hana yara shiga kwata-kwata. Na san za su yi kuka, to su yi. Barewa tsoro kaɗai yana kashe ta: in aka kore ta ko aka yi ta damƙarta, naman jikinta yana lalacewa daga ciki, ka gan ta lafiya yau, bayan kwana biyu ta faɗi. Kada kuma ya haɗu da awakin gida, domin annobar nan ta awaki da tumaki tana kama barewa.

Maganar wai ba shi da uwa, ban yarda ba. Haka barewa take reno. Cikinta wata shida ne, ta haifi ɗa guda, ta ɓoye shi a inuwa a makonnin farko, ta tafi kiwo, ta riƙa dawowa tana shayar da shi. Shi kuma ya lafe, ko an zo kansa ba ya motsi. Ko dai uwar tana can tana kewaya wurin tana nema, ko kuma an harbe ta aka ɗauko shi. Gobe da safe a je ofishin ma'aikatan gandun daji a sanar da su. Tun 1998 ƙasar nan tana da dokar farauta da kare namun daji, kuma kai kanka gare su ya fi su zo su tarar da shi a gidanka.

Ɗan Birni:

Likita, ka tsananta. Tun muna yara muke ganin barewa a gidajen masu hali, ana ba ta dusa da harawa, tana yawo a tsakar gida. Me ya same su? Hajiya ki riƙe abinki, rai ne kika ceta.

Tsohon Direba, Zango:

Ɗan Birni, ɗana, ka ga waɗanda suka rayu ne, ba ka ga waɗanda aka jefar a bola ba. Na yi shekaru ina bin hanyar nan tun ana shan wahalar rairayi da tsofaffin motoci. A da, in ka wuce Gure ka nufi arewa da sassafe, garken barewa ke tsallake maka hanya har ka rage gudu. Har mena mun gani, doguwar nan mai jan wuya da farin gindi, wadda 'yan ƙwallon ƙasarmu suka ɗauki sunanta. Yau yaro yana ihun "Mena! Mena!" gaban talabijin, bai taɓa ganin ta ba ko a hoto.

Fari ya ci nasa, na 1973 da na 1984, amma barewa ta san fari. Tana iya daɗewa ba ta sha ruwa ba, ganyen ƙaya da 'ya'yanta da ɗanyen tsiro sun ishe ta. Abin da ba ta iya masa ba shi ne mota da bindiga. Da idona na ga an bi garke da mota a fili har suka gaji suka durƙushe, aka cika bayan mota da su, aka sayar da ƙananan a hanya. Duk ɗan da aka saya, an gaya wa mai kamawa ya koma ya ƙaro ke nan. Kuma 'yata, in namiji ne, ki sani ranar da ƙahonsa ya yi ƙarfi ba zai ji tsoron mutum ba tunda a hannu ya tashi, kuma yaran gidan zai fara tunkuya.

Ɗalibar Jami'a, Mirriya:

Baba ya faɗi gaskiya, bari in ƙara da abin da muka karanta. Arewa da Tasker nan ne gandun Termit da Tin Tumma yake, wanda gwamnati ta keɓe a 2012, faɗinsa a lokacin kusan murabba'in kilomita 97,000, yana cikin mafiya girma a Afirka. Dutsen Termit na da ragon dutse da mena, rairayin Tin Tumma kuma shi ne mafakar ƙarshe ta addaks, farar dabbar nan mai murɗaɗɗen ƙaho da faffaɗan kofato da ba ya nutsewa a rairayi. Gashinta fari ne da zafi, ya koma toka-toka da sanyi. A 2016 aka yi ƙidaya ta sama da ta ƙasa, guda uku kacal aka gani. Masu binciken sun danganta abin da farauta da kuma zirga-zirgar aikin man fetur a yankin. Ni wannan lissafin ya fi komai tayar mini da hankali, domin a jiharmu ne, kuma da yawanmu a Damagaram ba mu ma san dabbar ba.

Amma dabba tana dawowa in an bar ta. Raƙuman dawa na Kure, kusa da Yamai, sun ragu zuwa 49 a 1996, mutanen ƙauyukan suka daina kashewa, suka zama masu gadi da jagorar baƙi, yau sun haura 600, har a 2018 aka kwashi 8 aka kai Gadabeji a jihar Maradi. A Chadi ma, oriks mai dogon ƙaho da aka ce ya ƙare a daji tun 2000, an fara maido da shi a 2016, yana ta haihuwa. Barewa irin ta wajen Maman Nana ba ta kai nan ba tukuna, tana dai raguwa. Yaya, don Allah ki yi wa ƙanin mijinki magana a hankali, ya gaya wa abokan aikinsa su daina saye.

Maman Nana, Garin Malam:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Maƙwabciyata tana da akuya mai shayarwa, ta tatso mini, ya sha sosai da magariba, zawon ya ragu. Na kulle shi a ɗakin ajiya, makullin yana hannuna. Maigida ya ce da safe zai tafi da ƙaninsa ofishin gandun daji, domin shi ya san daidai inda yaron ya tsayar da shi. Likita, in sun ce mu ci gaba da riƙonsa kafin su zo, yaushe zan fara sa masa ganye, kuma wane iri?

Likitan Dabbobi, Sabon Gari:

Ki rataya masa ɗanyen reshen gawo ko na aduwa tun yanzu, daidai tsayin bakinsa, zai fara lasa da kansa. Nonon kuma kada ki yanke, sai ya kai wajen wata uku. Ban da tuwo, ban da burodi, ban da hatsi, ko yara sun roƙa. In kika ga ya daina tashi ko cikinsa ya kumbura, kada ki jira safe, ki nemi likitan dabbobi mafi kusa da ke.