Kayan anko sun cika min ɗaki, ga bashi a wuyana: ina neman shawara

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah a sakaya sunana.

Ni malamar makaranta ce a Kano, shekarata tara da aure, 'ya'yana uku. Ranar Asabar na sauke kayana kaf ina neman zanin da zan ɗaura zuwa gaisuwar mutuwa, sai ga ni zaune a tsakar ɗaki ina ƙirga. Ɗinkin anko kaɗai kala 31 na samu. Cikinsu 19 sau ɗaya na taɓa sawa. Ga turmi huɗu da ko hannun tela ba su taɓa shiga ba, saboda na biya kuɗin, lokacin bikin ya zo ba ni da na ɗinki.

Kun san yadda abin ya koma. Kamu da kalarsa, dina da leshinta, yini da atamfarsa, ga mayafi da jaka da takalmin da za su shiga da kowanne. Kwasar adashina biyu a jere nan suka tafi, kuma matar da ke kawo mana kaya daga Kantin Kwari tana bina naira dubu 80. Abin da ya fi ci min rai, in zan tafi makaranta da safe dogayen riguna huɗu ne nake ta juyawa. Na ankon ba sa sawuwa: wannan duk duwatsu ne, wancan hannunsa ya fi ƙarfin allo da alli, wani kuma ya matse ni tun haihuwar autana. Da zarar hoto ya zaga wayoyi, sai in ji nauyin maimaitawa.

Yanzu ƙanwar maigidana za ta yi aure bayan babbar salla, an fitar da kala uku. Yaya zan yi in janye jiki ba tare da dangin miji sun ce na raina su ba? Kuma wannan tulin, me zan yi da shi?

Mai ɗinki, Zariya:

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Shekarata 16 a kan keke, bari in faɗa miki abin da ba kowane tela zai faɗa ba, don a nan muke ci.

Ki fara da waɗannan riguna huɗun da kike juyawa. Su ne ainihin kayanki, jikinki ya riga ya zaɓa miki. Ki duba me ya haɗa su: yadin ne mai sanyi? Faɗin ne? Kalar ce ba ta hayaniya? Duk abin da kika gano, shi za ki riƙa kai wa tela daga yau.

Sai ki raba ankon gida uku. Na farko, waɗanda yadinsu mai kyau ne, ɗinkin ne ya lalata su. Waɗannan suna gyaruwa. Ana ɓamɓare duwatsu, a sauke hannun da ya kumbura a mayar da shi madaidaici, siket ɗin da ya matse a farke shi a ƙara ƙyalle a gefe. Riga da siket na atamfa in aka haɗa da ɗankwalinsa yakan fitar da rigar yarinya biyu. Na biyu, waɗanda lafiyarsu ƙalau amma sun yi miki kaɗan, ki bayar tun suna da kyan gani. Kada ki jira sai sun koɗe kafin ki kira shi sadaka. Na uku, atamfar roba. Ita gaskiya ba ta da wani gyara sosai, zarenta daga man fetur ake yinsa, ba ta shan gumi, a zafin Kano kuwa azaba ce. A yi rigar filo da ita, ko jakar islamiyyar yara.

In kina son gane roba kafin ki biya, ki nemi ɗan zare daga bakin yadin ki kusanta shi da ashana. Auduga tana ci kamar takarda ta bar toka mai laushi. Roba kuwa narkewa take yi ta dunƙule ta yi tauri.

Turmi huɗun nan kada ki kai su ɗinki yanzu. Turmi in ba a yanka ba kuɗi ne a ajiye. Ki tambayi mai binki bashi ko za ta karɓi biyu a rage lissafi. Nan gaba kuma ki ce wa telanki ya bar miki rara a cikin ɗinki, yadda in jiki ya ƙaru za a buɗe.

Kaka, Kakuri, Kaduna:

'Yata, sannu. Jikata ce take rubuta min, ni ina faɗa.

A Kakuri na yi aure, lokacin masaƙu suna aiki. Masaƙar Kaduna Textiles, wato KTL, tun 1957 aka buɗe ta, zamanin Sardauna, daga baya masaƙar UNTL da su masaƙar Arewa suka biyo. In an tashi daga aiki, titi ba ya biyuwa don kekuna. Audugar daga gonakinmu take zuwa, wajen Funtuwa da Gusau. KTL ta tsaya a 2002, UNTL ta rufe a 2007. Yau yawancin abin da kuke ɗinkawa daga Sin ake lodo shi, kuɗin ya tafi can, tsumman ya zauna a nan.

Amma ba wannan ne ya sa na sa baki ba. Mu a da ba a yayyanka turmi. Yadi shida ne: a fitar da riga, a bar zani, a bar na kai ko na yafawa. Zani kuwa ba ya matse mutum. Da shi za ki yi ciki, da shi za ki yi jego. In ya kwana biyu ya koma zanin goyo, daga nan ya zama shimfiɗar jariri, ƙarshensa tsumman goge ɗaki ko gammon ɗaukar ruwa. Akwai atamfar Holan ta cikin lefena da har yau take cikin akwati, 'yata ta fari ta goya 'ya'yanta biyu da ita. Ku kuwa sai tela ya daddatsa yadi shida ya zubar da kusan ɗaya a ƙasa don a fitar da ƙugu.

Batun dangin miji, kada ki aika saƙo a waya. Ki shirya ki je gidan surukarki da kanki, ki durƙusa ki gaishe ta, ki ce, “Mama, bana ina da nauyi a kaina, kala ɗaya zan iya, amma ga gudummawata, kuma ranar girki ina nan tun asuba.” Babu uwar kirki da za ta ƙi wannan. Wadda ta tsaya kan tukunya ba a mantawa da ita a biki.

Maman 'yan biyu, Fagge:

Ni fa ina da ja kaɗan. Kada a mayar da anko abin ƙi. Bikin ƙanwata da ribar anko muka cika kuɗin kayan kicin, ba don shi ba da mun ji kunya. Wata ƙawar ba za ta iya miƙa miki dubu biyar a hannu ba, amma za ta sayi atamfa. Sannan marar hali da mai hali duk su fito iri ɗaya, ba a gane wa ya fi wa. Ga 'yan Kwari da teloli da masu ɗaura ɗankwali, kowa da iyali.

Inda na yarda da ku shi ne kala uku da huɗu. Wannan ya wuce zumunci, ya zama gasa. Kuma masu fitar da anko mu ji tsoron Allah, mu daina zaɓo wanda mu kaɗai muke iya saya.

'Yar Zango, Nima, Akara:

Salamu alaikum daga Gana. Na ga ana cewa a bayar, a bayar, shi ne na ce bari in faɗi abin da muke gani da idonmu.

Kasuwar Kantamanto da ke nan Akara tana cikin manyan kasuwannin gwanjo na duniya. Ana ƙiyasta tufafi kusan miliyan 15 ke shigowa duk mako daga Ingila, Amurka, Sin da sauransu, kuma kusan kashi 40 cikin 100 a bola suke ƙarewa. Mutanen nan suna kiransu “obroni wawu”, wato kayan Baturen da ya mutu, don da farko ba su yarda mai rai zai rabu da kaya masu yawa haka ba. 'Yan kasuwa sukan sayi dila a rufe, sai an yanke igiya a ga rabi yagaggu ne ko masu tabo. 'Yan matan da ake kira kayaye, yawancinsu daga arewacin Gana, su ke ɗaukar dilar a ka, mai nauyin kilo 50 ko fiye. Abin da bai sayu ba ya toshe kwata, ruwa ya ja shi tafkin Korle, ya fito bakin teku a unguwar Jamestown ya nannaɗe da yashi da ragar masunta. A farkon Janairun 2025 gobara ta cinye mafi yawan kasuwar, dubban mutane suka rasa jarinsu a dare ɗaya.

Waɗanda suka turo kayan nan su ma cewa suka yi sun bayar. Don haka 'yar'uwa, in za ki bayar, ki san wa za ki ba, ki tabbata zai shige ta kuma za ta sa. Kada ki cika buhu ki ajiye wa mai aiki ta rasa yadda za ta yi da leshi mai duwatsu. Kuma in kin rage 20 kika sake sayo 20, ɗakin kawai kika share.

Malama, Maraɗi:

Ƙanwata, kunyar maimaita kaya ita ce tushen ciwon, sai kin cire ta. A Suratul A'arafi, ayar da ta ce mu riƙi adonmu ita ce kuma ta hana ɓarna. Ado halal ne, amma cin bashi don hoton yini ɗaya ki auna shi da kanki.

Mu a danginmu mun zauna mun yanke: kala ɗaya a shekara, ana fitar da ita bayan azumi, duk biki da sunan da ya taso a shekarar ita za a sa. Shekara ta farko an yi gunaguni, yanzu har maƙwabta sun ɗauka. Kuma ke da kike Kano, ga marinar Ƙofar Mata kusa da ke, wadda ake cewa tun 1498 ake rini a cikinta. Farar shaddar da ta dafe, a tsoma ta a baba, a kai wa masu bugu, ki ga yadda za ta dawo da sheƙi.

Mai neman shawara:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri, ya bar zumunci. Kaka, Allah ya ƙara girma da lafiya. Jiya da yamma na je wajen surukata kamar yadda kika ce. Ta yi shiru har gabana ya faɗi, sannan ta ce ita ma kala ukun ba da son ranta aka fitar ba, in yi na yini kawai. Amaryar ce dai har yanzu ba ta amsa gaisuwata a waya ba, ku taya ni da addu'a.

Mai kayan ta karɓi turmi biyu, saura dubu 38. Anti mai ɗinki, na ware kala bakwai na gyara. Akwai wani leshi ruwan toka da aka yi wa shafi mai kauri a ciki, shi ne yake sa ni gumi. Ana iya cire shafin a sa na auduga, ko leshin zai yage?