Rabuwa a Ingila: wa zai zauna a gidan haya?

Ga abin da muka tsinta daga hirar da muka yi da 'yan uwa mazauna Ingila kan ma'auratan da suka rabu suna gidan haya ɗaya.

Magana ta farko, a ɗauko takardar haya a ga sunan wa ke kai. In sunan duka biyu ne, kowa na da ikon zama, ba wanda zai canza kwaɗo ya hana ɗaya shiga. Amma mai gida na iya bin mutum ɗaya da dukan kuɗin haya, ko da ɗayan ya kwashe kayansa. Inda mutane suka fi mamaki: in hayar wata-wata ce, ɗaya na iya ba mai gida notis, hayar ta mutu a kan su biyun.

In suna ɗaya ne kawai, auren da aka yi wa rajista na ba ɗayan haƙƙin zama ƙarƙashin dokar iyali ta 1996. Nan ne 'yan uwanmu mata ke faɗawa rami, don ɗaurin auren masallaci da ba a yi wa rajista ba doka ba ta ɗauke shi aure ba, kamar yadda Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tabbatar a 2020. Mai irin wannan sai ta nemi umarnin kotu na zama, musamman in akwai yara ko ana dukanta.

Kuɗin ajiya kuma, wato na jingina da aka ba mai gida lokacin kama haya, a duba ko ya sa su a ɗaya daga cikin tsare-tsaren kare kuɗin 'yan haya, DPS, TDS ko MyDeposits, cikin kwana 30 da karɓarsu. Ƙungiyoyin agaji na Shelter da Citizens Advice na ba da shawara kyauta.