Tambaya a kan sharuɗɗan beli: ta yaya mutumin ƙauye zai cika su?

Manomi daga yankin Ringim:

Assalamu alaikum. Ina neman haske daga masana shari'a da ke wannan zaure. An kama ƙanena bayan wata hatsaniya a kan iyakar gona, aka gurfanar da shi a kotun majistare bisa zargin ji wa mutum rauni. Alƙali ya ba da belinsa a kan naira 300,000 da mutum biyu masu tsaya masa, da sharaɗin ɗayansu ya kasance ma'aikacin gwamnati mai matakin albashi na 12, ɗayan kuma mai fili da takardar mallaka ta gwamnati. A ƙauyenmu babu mai irin wannan takarda, domin gonakinmu na gado ne, dagaci da maƙwabta su ne shaidarmu. Har yanzu yana tsare, ga damina ta kankama, 'yan'uwa kuma suna cewa a sayar da shanun huɗa. Shin dole ne mu kai kuɗin nan a hannu, kuma akwai hanyar neman sassauci?

Lauya mazaunin Dutse:

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya kawo mafita. Kada ku sayar da shanun nan kafin ku karanta umarnin kotun da kyau. A mafi yawan lokuta, adadin da alƙali ya ambata alkawari ne da masu tsayawa ke sa hannu a kai, cewa za su biya idan wanda ake tuhuma ya gudu. Ba a ajiye kuɗi sai idan umarnin ya faɗi haka ƙarara, kuma ko an ajiye, amana ce da ake mayarwa bayan an kammala shari'a.

Sashe na 36(5) na kundin tsarin mulkin 1999 ya ɗauki duk wanda ake tuhuma a matsayin marar laifi har sai kotu ta tabbatar da laifinsa, saboda haka manufar beli ita ce a tabbatar zai dawo gaban alƙali, ba a fara hukunta shi tun kafin a saurari shaidu ba. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015, a sashe na 165, ta bar wa kotu ikon tsara sharuɗɗa amma ta hana a tsawwala, kuma Kano da Jigawa sun yi tasu dokar a kan wannan tsari a 2019. A ganina, tsawwalawa ana auna ta ne da ƙarfin mutumin da ke tsaye a gaban kotu. Naira 300,000 ta haura mafi ƙarancin albashi na ƙasa, wato naira 70,000, sau huɗu, ga shi manomi ba ya ganin kuɗi a dunƙule sai da kaka. Shi kuwa sharaɗin ma'aikacin gwamnati, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta cire irinsa a 2019 daga belin Kanar Sambo Dasuki, inda aka nemi ma'aikata masu mataki na 16. Idan an ga ya yi wa tsohon mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro nauyi, ina ga manomi?

Ku nemi kotun da ta ba da belin ta sauya sharuɗɗan, idan ta ƙi ku tafi babbar kotun jiha, wadda ke da ikon rage su. Idan ba ku da halin ɗaukar lauya, Hukumar Ba da Agajin Shari'a ta Ƙasa tana yin wannan aiki kyauta.

Tsohon magatakardan kotu:

Barista ya yi bayani mai gamsarwa. Abin da zan ƙara, ɗana, shi ne duk sisin da kuka bayar ku karɓi rasit na kotu, kuma ku sani belin ofishin 'yan sanda kyauta ne a doka. Ku guji mutanen da ke zama a bakin kotu suna cewa za su tsaya wa wanda ba su taɓa gani ba idan an biya su. Sharaɗin ma'aikaci da takardar fili shi ne ya buɗe musu kasuwa, domin bakauye ba shi da wanda zai kawo sai ya saya. Haka nan doka ba ta hana mace tsayawa ba, don haka idan kuna da 'yar'uwa malamar makaranta ko ma'aikaciyar asibiti, ku gabatar da ita.

Dillalin shanu a Maigatari:

Ina tausaya wa mai tambaya, amma a duba ɗaya ɓangaren. Mu da ke bakin iyaka muna ganin wanda ake zargi da satar shanu ya sami beli mai sauƙi, kafin ranar zaman kotu ya tsallaka Nijar, mai dukiya ya rasa dukiyarsa ya rasa shari'arsa. Idan ba a tsaurara ba, me zai riƙe irin wannan mutum?

Lauya mazaunin Dutse:

Alhaji, damuwarka gaskiya ce, kuma doka ta san da ita. Idan mai gabatar da ƙara ya nuna wa kotu dalilin da zai sa a yi zaton mutum zai gudu, ko zai tsoratar da shaidu, ko zai sake aikata laifi, alƙali yana iya hana belin a manyan laifuka. Laifin da hukuncinsa kisa ne kuwa, alƙalin babbar kotu ne kaɗai ke ba da belinsa, shi ma sai da dalili na musamman.

Sai dai yawan kuɗi ba ya tace mai gudu daga wanda ba zai gudu ba. Ɓarawon da ke da masu gida a bayansa zai cika kowane sharaɗi cikin yini ɗaya, wanda zai kwana a gidan gyaran hali shi ne wanda ba shi da kowa, kuma wannan yana cikin dalilan da suka sa kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke tsare a gidajen nan a Najeriya masu jiran shari'a ne. Abin da ke riƙe mutumin ƙauye shi ne iyalinsa da gonarsa da kunyar wanda ya tsaya masa. Saboda haka nake ganin ya fi dacewa kotu ta karɓi wan mutum ko kawunsa tare da takardar shaida daga dagaci ko hakimi, ta sa adadin da iyalin za su ji zafin rasa shi amma bai fi ƙarfinsu ba, ta kuma umarce shi ya riƙa bayyana a ofishin 'yan sanda mafi kusa a ranakun da ta ƙayyade. Ma'aikacin da aka ɗauko haya daga birni bai san ko hanyar ƙauyen ba, amma kawun da zai yi asarar buhunan geronsa idan yaro ya gudu, shi da kansa zai riƙo hannunsa ya kawo shi kotu ranar zama.