Peugeot 504 tana shaƙewa idan na taka totur

Assalamu alaikum, iyayen gidana makanikai. Ina da Peugeot 504 mai kafireta Solex. Tana tashi lafiya, silo ɗinta (aikin injin in ba a taka totur ba) daidai, amma da na taka totur da ƙarfi sai ta shaƙe kamar za ta mutu, wani lokacin har ta yi tari ta kafireta, sannan ta ɗauka. Abin ya fi tsanani da safe.

An wanke kafireta, an sa sababbin fulogi da kwantak (makunnin wuta da ke cikin distiributa, mai rarraba wa fulogi wuta), an saita tazarar kwantak ɗin 0.4 mm. Da aka ƙara taimin (lokacin da fulogi ke ba da wuta) shaƙewar ta ragu, sai injin ya fara ƙwanƙwasa a hawa, wannan kuwa yana tsorata ni.

Matsalar daga famfon da ke fesa mai cikin kafireta ne, ko daga bakyum na distiributa (abin da ke ƙara taimin da zuƙar iskar injin)? Don Allah yaya zan bambance su?