Motar Agege ta daina shiga Idumota: in sabunta haya ko in koma kusa da kasuwa?

Mai Shadda:
Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema wajen masu bin hanyar Agege zuwa cikin Eko kullum.

Ina zaune a Agege da iyalina, ina tsaron shagon maigidana a kasuwar Balogun, shadda da atamfa. A da akwai danfo, ƙaramar bas ta haya, da ke lodi a wajen Pen Cinema bayan sallar asuba, ba ta direwa sai Idumota, da yamma ma a can muke samunta mu dawo. Yanzu ta safen a Oshodi take sauke mu, direba ya ce iyakarsa ke nan. Daga nan sai wata motar zuwa Oyingbo, sai kuma wata ta tsallaka da kai gada. Ta yamma kuwa an tashe su daga inda suke lodi, sai ka taka ka je ka nemo su. Kuɗin mota a rana yana cin mini ₦4,500, kuma makullin shago a hannuna yake, dole in buɗe kafin takwas. Wani lokacin da dilar kaya nake dawowa, ta telolin Agege.

Hayata za ta ƙare ƙarshen watan nan, mai gida ya ce ₦350,000 ɗaki da falo. Wani dillali ya nuna mini ɗaki ɗaya a Ebute Metta, ₦500,000 ban da la'adarsa. Yarana suna Islamiyya a nan Agege. Wanda ya taɓa tashi ya koma kusa da kasuwa saboda mota, shin abin da ya rage a kuɗin mota ya rufe ƙarin hayar? Don Allah kada a ce in sayi babur.

Abu Khalifa:
Wa alaikumus salam. Jirgin ƙasa mana, Malam. Jirgin da ake kira Jan Layi (Red Line) ya fara ɗaukar fasinja tun Oktoban 2024, yana da tasha a Agege, ya bi Ikeja, Oshodi, Mushin, Yaba, ya tsaya a Oyingbo. Ka yanki katin Cowry na biyan kuɗin hawa ka huta da faɗa da kwandasta a kan canji.

Ɗan Funtua:
Ka samu babur ko na hannu ne, minti arba'in kana Idumota.

Abu Khalifa:
Ɗan Funtua ka karanta kuwa? Ya ce ban da babur. Kuma tun 1 ga Yunin 2022 aka hana acaɓa a Lagos Island da Mainland da Ikeja da Surulere da Apapa da Eti-Osa, a Satumba aka ƙara da Mushin da Oshodi da Shomolu da Kosofe. Duk hanyarsa ke nan. Ko ka ce na hawanka ne, kafin ka gama bayani yana kan motar ɗaukar kaya.

Mai Shadda:
Na gode Abu Khalifa. Jirgin na shiga, yana da daɗi, amma da lokacinsa yake tashi, in ya wuce ka shi ke nan. Kuma Oyingbo ba Idumota ba ce, ga maganar dila.

Hajiya Mai Masa:
Ɗana ₦4,500 ɗin nan ta yi yawa. Ni daga Agege zuwa Oshodi ₦500 nake biya, Oshodi zuwa Idumota akwai kai tsaye, ₦800. Ba ka san inda suke tsayawa ba ne.

Sani Mile 12:
₦500 yaushe Hajiya? Shekaranjiya ₦800 aka karɓa hannuna zuwa Oshodi.

Hajiya Mai Masa:
Ƙarfe nawa ka fito? Ni biyar da rabi ina cikin mota. Wanda ya tsaya shan shayi da buredi ai shi ake wa ₦800.

Sani Mile 12:
Ranar ruwa kuma ₦1,200, kana roƙo ma. Kuɗin danfo ba shi da tsayayyen farashi, kwandasta yawan mutanen da ke tsaye yake kallo ya yanka. Ni dai na fi son BRT, doguwar bas ɗin gwamnati, ka taka zuwa Dopemu ko Mangoro ka shiga ta Abule Egba mai zuwa Oshodi, ita hanyarta daban, cunkoso bai cika taɓa ta ba.

Hajiya Mai Masa:
Wadda take cika tun daga Iyana Ipaja? Tana zuwa Mangoro sai dai ka ɗaga mata hannu ta wuce.

Bazazzagi:
Ƙanena Mai Shadda, ka saurare ni da kyau, domin abin da kake shirin yi ni na riga na yi shi.

A 2022 ina sayar da takalma a gefen Balogun, ina zaune a Agege kamarka. Watan Maris gobara ta tashi a ƙarƙashin gadar Eko wajen Apongbon, aka rufe wannan ɓangaren. Duk motocin da ke bi ta can suka dawo gadar Carter da Third Mainland. Wanda bai gani ba ba zai gane ba. Sai ka fito da asuba ka isa shago rana ta take, da dare ka tarar yara sun yi barci. Direbobi suka daina shiga cikin gari, a Iddo suke zubar da mu, mu taka gadar da ƙafa, kaya a ka. Na gaji, na ce gara in koma ciki.

Dillali ya kai ni wani tsohon bene a Isale Eko. Ɗaki ɗaya a sama, banɗaki na mutum ya fi ashirin, ruwa sai an saya a jarka. Ya ce hayar shekara biyu mai gida yake so, ga la'ada, ga kuɗin yarjejeniya. Na sayar da 'yar gonata ta gida na cika. Rasit ɗin da aka ba ni a takardar littafin makaranta aka rubuta shi, ban damu ba, ni dai in daina shiga mota. Muna shiga damina ta fara. Bango yana tsatsar ruwa, in ka jingina da shi sai rigarka ta yi fari. Ƙaramar 'yata ta kama tari, maiɗakina ba ta san kowa ba, babu wadda za ta leƙo ta ce ina kwana da Hausa. A Agege kuwa ko gishiri ya ƙare maƙwabciya za ta miƙo.

Wata rana na dawo daga kasuwa na tarar da jan fenti a jikin ginin, an ce kowa ya fita, ginin zai iya ruftawa. Na kira dillali, waya a kashe. Wanda ya ce shi ne mai gida ashe ɗaya ne daga cikin magada, sauran suka ce ba su san da zamana ba. Ko sisi ban samu ba. Na sa iyali a mota zuwa Zariya, ni na koma kwana a gaban shago a kan kwali. Har yau suna can, yarana a waya nake jin muryarsu.

Abin da ya fi ci mini rai, a Yulin 2023 aka buɗe gadar, motoci suka koma hanyarsu. Maƙwabtana na Agege da suka yi haƙuri suna nan a ɗakunansu da 'ya'yansu. Hanyar mota a Legas yau a canja, gobe a mayar. Kada ka tashi iyalinka saboda direban danfo.

Sani Mile 12:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya mayar da alheri Yaya.

Hajiya Mai Masa:
Wayyo. Allah ya saka maka. Yarinyar ta warke dai?

Bazazzagi:
Ta warke Hajiya, alhamdu lillah. Tana aji biyu yanzu.

Ɗan Kwari:
Allah ya kyauta. Amma fa sai Bazazzagi ne zai karɓi rasit a takardar littafi. Bakano ko goro ya saya sai ya ga hatimi.

Bazazzagi:
Ku da ko a masallaci kuke neman ragi? Ai shi ya sa babu mai ba ku haya.

Malam Na Agege:
Ɗan Kwari, wasan yana da wurinsa, mutum ya faɗi abin da ya raba shi da iyalinsa.

Ɗan Kwari:
Afuwan Malam, tsakaninmu ne. Amma maganar gaskiya, Mai Shadda ya tattara ya dawo Kano. Kantin Kwari ta fi Balogun kayan shadda, a adaidaita ɗaya za ka je ka dawo. Ni ma na yi zaman Legas, na san molue, tsohuwar doguwar bas ɗin nan, na san komai.

Abu Khalifa:
Molue? Tun 2013 aka hana ta tsallaka gada zuwa cikin Eko. Wanda saninsa ya tsaya a molue ba shi ne zai ba da shawarar motar yau ba. Tun bayan tafiyarka an gina tashar Oshodi, an yi gadar Pen Cinema, an yi jirgi biyu. Kuma tsarin gwamnati a bayyane yake: manyan motoci da jirgi a manyan hanyoyi, ƙananan motoci su riƙa kawo mutane daga unguwanni. Doguwar danfo daga Agege har Idumota ba dawowa za ta yi ba, gara a saba da kati.

Malam Na Agege:
Kai kuma Abu Khalifa a ofis kake aiki a Ikeja, jaka ɗaya a kafaɗa. Ka taɓa shiga jirgi da dila? A nan aka haife ni, mahaifina a nan ya yi fataucin goro. Tsari a takarda daban, mai kaya a ka daban.

Abu Khalifa:
Malam ni na ga mai buhu a cikin jirgi da idona.

Sani Mile 12:
Ni kuma na ga an dawo da mai buhu daga bakin ƙofa. Wataƙila girman buhun ne.

Direba Ɗan Sakkwato:
Ku bari in faɗa muku daga gaban mota, tunda ni nake ja. Ba ƙeta ce ta sa muke tsayawa a Oshodi ba. Kafin a cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023 lita ba ta kai ₦200 ba, cikin 'yan kwanaki ta koma kusan ₦500, daga baya ta haura dubu. In na ɗauki Idumota kai tsaye, sawu ɗaya ne zai cinye mini safiya, mai yana ƙonewa a Ojuelegba da Costain ina tsaye. A wannan lokacin na yi Agege da Oshodi na sake yi, kowane sawu da sabon fasinja. Ga 'yan kamasho, kowace tasha da nata tikitin, na safe daban na yamma daban, in ka yi gardama su cire madubi ko su fizge robar gilashi. Shiga cikin gari kuma shi ne babbar kasada, inda aka bari ka yi lodi jiya yau laifi ne, in aka ja motar kuɗin sati ya tafi. Mai mota kuma da dare balas ɗinsa yake jira, ba labari ba.

Shawarata, ku haɗu ku goma sha huɗu 'yan Balogun da Idumota, ku samu direba ɗaya ku yi shata da shi ta safe. In ya san kujerunsa a cike suke zai kai ku har gindin gada.

Hajiya Mai Masa:
Mun taɓa yin haka mu mata. Da farko lafiya lau, daga baya wannan ta makara, waccan ta ce yau ba ta fita, direba ya gudu. Kuma ɗana ka kula da motocin asuba da ba a tasha suka yi lodi ba. Tunda motocinmu suka ragu mutane ke faɗawa duk wadda ta tsaya, 'yan wan-cans, ɓarayin da ke fakewa da motar haya, kuma sun gane. Ƙanen mijina a haka aka karɓe masa waya da kuɗin sari, aka tura shi waje mota tana tafiya.

Mai Shadda:
Allah ya tsare. Yaya Bazazzagi labarinka ya taɓa ni ƙwarai. Sai dai ɗakin nan a Ebute Metta yake, ba Isale Eko ba, kuma shekara ɗaya aka ce. Akwai wanda ke zaune a wajen ya faɗa mini nawa yake kashewa zuwa Idumota?

Bazazzagi:
Dillali dai dillali ne, ko a ina. Shekara ɗaya zai ce, ranar biya ka ji wasu kuɗaɗen sun fito.

Sani Mile 12:
Wallahi. Ni kuɗin dubawa kawai na biya har na rasa lissafi, a kai ka ɗakin da an riga an bayar. Wani mai gidan da ya ji sunana sai ya ce an kama jiya. Na tura abokina Bayarabe da yamma, aka ce ɗaki yana nan.

Abu Khalifa:
Akwai dokar haya ta jihar Legas ta 2011, ta hana karɓar fiye da hayar shekara ɗaya daga sabon ɗan haya, in ban da wurare irin su Ikoyi da Victoria Island da Apapa da Ikeja GRA. Shekara biyun da aka karɓa hannun Bazazzagi ma saɓa doka ne.

Malam Na Agege:
To ka je ka karanta wa mai gida doka, ka ga ko zai ba ka makulli. Bayanka mutum biyar ne a tsaye da kuɗi a hannu. Ba duk masu gidan ne haka ba, a Agege akwai Yarabawan da muka yi shekaru muna zaune lafiya, har auratayya. Ɓarnar daga dillalan take, kuma har da namu a cikinsu. Bahaushe ya fi saurin yarda da Bahaushe, sun san haka.

Ɗan Kwari:
Yauwa, yanzu aka zo wurin. Wanda ya cuci Bazazzagi ɗin ma a tambaye shi, da wane yare suka yi ciniki?

Bazazzagi:
Da Hausa. A masallaci ma muka haɗu.

Ɗan Funtua:
To ni dai nawa ne la'adar gaskiya? Wani ya ce mini kashi goma, wanda nake magana da shi a Idi-Araba ya ce ashirin, kuma sai na ba da rabi kafin in ga ɗakin.

Sani Mile 12:
Kada ka ba shi ko kwabo sai ka ga mai gidan da idonka, ka tambayi masu shagon layin. A Mile 12 yanzu har talatin ake cewa.

Malam Na Agege:
Talatin kuma? Sani wane layi ne wannan?